Akuyar da Kaka Ta Ce Ba Tata Ba Ce

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, Kaka dai ta riga mu tafiya. Ranar Litinin da hantsi ta cika a ɗakinta a Matameye, ni ina Kurni a gaban allo ina fama da 'yan aji uku. Kafin ɗan kabu-kabu ya kawo ni har an yi mata wanka an suturta ta. Fuskarta kawai na gani, Gwaggo ta ɗaga mini gefen likkafani ta mayar.

Kowa da yadda mutuwar ta same shi. Gwaggo, wadda ita ce autar Kaka, ta yi kuka har muryarta ta dishe, sannan ta share hawaye ta hau masu girki da faɗa wai sun cika gishiri a miya. Baffa, yayan mahaifina, ya zauna a zaure yana amsa gaisuwa, in an ce masa ya haƙuri sai ya ce lafiya lau, kamar gajiya ake tambayarsa. Wani tsoho da ya shekara arba'in yana sayen ƙuli-ƙulinta ya ce shi yanzu bai san inda zai kai haƙoransa biyu da suka rage ba. Aka yi dariya, shi kuma ya fashe da kuka. Ni ban yi kuka ba ranar. Ina ta kai tabarmi ina kawo buta, mutane suna yaba mini dauriya, alhali ba dauriya ba ce.

Ranar sadakar uku abin ya rikice. Muna zaune a tsakar gida sai ga mata uku sun yi sallama, ba wanda ya san su a cikinmu, kowacce tana jaye da akuya. Suka durƙusa suka yi gaisuwa yadda ake yi, awakin suna ta kai baki kan tabarmi. Da suka gama, babbarsu, wadda ta ce daga Yauri take, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To yanzu wa za mu damƙa wa amanar Baturiya?"

Gwaggo ta ce, "Wace Baturiya kuma? Baiwar Allah, nan gidan rasuwa ne fa."

"Mun sani. Marigayiya ce ta ba mu kiwo. Ta ce ba nata ba ne, na wata Baturiya ne. Da muka ji rasuwa muka ce kada a neme mu a rasa."

Kukan awakin ya shigo da Baffa daga zaure. Yana ganinsu ya tsaya cak. Kowace akuya da jan zare ɗaure a wuyanta. Ya dafe kai ya ce, "Zaren nan! Har bayan ran Inna bai rabu da ni ba?" Ya ce wa matan su koma da abinsu, su dawo ranar bakwai, Malam zai zo, sai a san abin yi.

Ni kuwa tun da na ga zaren na san ko awakin wa ake nufi. Baturiyar da ake magana ni ta riƙa. Kuma akwai maganarta da na ɓoye wa Kaka shekara goma sha biyu, har ta mutu tana neman gafarar matar da ta riga ta yi mana ban kwana, ni kuma ban taɓa gaya wa Kaka ba. Saboda haka nake rubuta wannan. Ina so a san Kaka, ina kuma so in san abin da ya faru tsakanina da ita, don har yau ban gama ganewa ba.

Mahaifina ya rasu ina shekara biyar. Mahaifiyata ta yi aure a Dungu, Kaka ta ce ba mai ɗauke mata jika, ballantana wadda aka sa wa sunanta. Takwara take ce mini, ban taɓa jin ta kira ni da wani suna ba. Da tuyar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta riƙe ni. Tafin hannunta ya yi kanta, tana iya tsamo ƙuli daga mai da yatsa tana ci gaba da magana. Mace ce mai tsoron abin mutane har abin ya zama mata kamar ciwo. Kazar maƙwabta ta taɓa maida madafarmu wurin ƙwai, kullum Kaka ta kwashe ta kai musu har gida, da suka gaji suka ce ta cinye mana, ta ce, "Ku ce da bakinku kun ba ni, in ji da kunnena." Sai da suka faɗa sannan ta soya.

Ina aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, wata ƙungiya ta buɗe biro, wato ofis, a garin. Aikinsu su rubuta yaran marasa ƙarfi, su haɗa kowane yaro da wani mai taimako a ƙasashen Turawa. Wata mata daga biron ta zo gidanmu da takardu da abin ɗaukar hoto. Ta same ni da yagaggiyar riga ina ɓarar gyaɗa, ta ce yawwa, in tsaya haka. Kaka ta ce Allah ya kiyaye. Ta ja ni ɗaki ta cuɗe ni, ta aro kayan sallar 'yar Gwaggo, ta ɗaura mini ɗankwalin da ya fi kaina girma, ta rambaɗa mini kwalli.

Matar biro ta ce, "Kaka, ai gara a ɗauke ta yadda take, don a ga tana da bukata."

Kaka ta ce, "Baƙuwa za ta gan ta, ki ce in tura ta kamar ba ta da kowa? Talaucin namu ne, a gida za mu bar shi."

Hoton ya fito kamar wata ƙaramar Hajiya ta dawo daga biki. Matar biro ta tafi tana cewa da wuya a zaɓe ni. Aka zaɓe ni.

Takarda ta farko ta zo da hoto a ciki. Wata dattijuwa ce mai farin gashi da tabarau, tsaye a ƙofar gida, da kare a gefenta. Matar biro ta karanta mana ta fassara. Kaka ta daɗe tana kallon hoton. Ta tambaya ko tana da miji, aka ce ya rasu. 'Ya'ya fa? Aka ce sun girma sun yi nisa.

"Shi ya sa," in ji Kaka. "Kaɗaici ne. Riƙo take so."

Matar biro ta zauna ta yi mata bayani dalla-dalla. Taimako ne, za a ba ni jaka da littattafai, in na yi ciwo a kai ni asibiti, a gina rijiya a lakwal ɗinmu. Kaka tana ta gyaɗa kai. Da aka gama ta ce, "Ai na gane. Riƙo ne, nisa ne ya hana ta ɗaukarta." Daga ranar Baturiya ta zama uwar riƙona, ba kuma wanda ya iya cire wannan daga kan Kaka. Hoton ta lanƙwasa shi daidai inda karen yake, saboda a ɗakin take salla, ta soke shi a bayan jeren kwanoninta.

Duk babbar salla sai ta ware kason uwar riƙona na soyayyen nama, ta ƙulle a leda ta aike ni biro. Duk shekara matar biro ta ce ba a aika abinci. Duk shekara Kaka ta ce, "To matar biro ta ci a madadinta, ta rubuta mata cewa ya yi daɗi." Da na iya karatu ni na zama mai karanta takardun, don da Faransanci biro ke kawo su. In na fara sai Kaka ta ce, "Takwara, da Hausa, ba da hanci ba." In na kai ƙarshe sai ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "To madalla, ta kyauta." Amsar kuwa ita ke faɗa ina rubutawa. Rabin shafi gaisuwa ne, ina gajiya, ina sanyi, ya kewar yara. A ƙarshe takan ce a ciki-ciki, "Ki gaida mata karen ma, tunda tana ji da shi."

Ina shekara tara Baturiya ta aiko da kyauta, wai don zagayowar ranar da aka haife ni. Kaka ta ce ita ba ta taɓa jin an yi wa mutum barka da haihuwar kansa ba. Biro suka sayo jar akuya budurwa, matar biro ta kawo ta har gida ta sa mini igiyar a hannu, ta ce kyauta ce, tawa ce. Kaka ta zagaya akuyar, ta duba haƙori, ta taɓa hantsa.

"Kiwo ta ba mu," in ji ta.

"Kyauta ce, Kaka."

"Ke yarinya ce. Mutum yana can bayan teku, ba shi da wurin ɗaure dabba, ya ga yana da 'ya a nan, me zai yi? Ai kiwo zai ba da."

A wurinmu in an ba ka kiwo, uwa ta mai ita ce, 'ya'ya a raba. Haka Kaka ta yi. Akuyar ta yi albarka, tagwaye take haifa. Duk haihuwa, ɗaya namu, ɗaya kuma Kaka ta tsinko jan zare daga bakin wani tsohon zaninta ta ɗaura masa a wuya. Namu mukan sayar, mukan yanka. Masu jan zare ko kallon banza ba a yi musu.

A kan haka suka yi faɗa da Baffa, faɗan da unguwa ba ta manta ba. An haifa masa ɗa namiji bayan mata huɗu, ga suna ya matso, ragon da ya tanada ya mutu. Ya zo ya durƙusa ya ce Inna ta ara masa bunsuru ɗaya cikin masu zare, in ya sayar da rakensa zai maido wanda ya fi shi.

Kaka ta ce, "Ba nawa ba ne."

"Inna, matar nan ba ta san ma ana yi ba. Ba za ta taɓa zuwa Matameye ba."

"Don ba ta gani sai in ci? To ka rubuta mata, in ta yarda ka kama."

"Takarda wata uku take yi a hanya, suna jibi ne!"

"To ka ɗaga sunan."

Baffa ya tashi ya buga ƙofa. Sati biyu bai shigo gaishe ta ba. Ita kuwa washegari ta kwashe man gyaɗarta gaba ɗaya da kwanoninta biyu masu kyau ta sayar, ta aika masa da rago ta hannun Gwaggo, ta ce kada a ce daga ita ne. Kowa ya san daga ita ne. Ranar sunan ta je ta zauna ta ci tuwo, ba ta kula shi ba, shi ma bai kula ta ba.

To wannan matar ce, da hannunta, ta kai akuyar Baturiya kasuwa. Shekarar da nake ajin ƙarshe na kwaleji damina ta ƙi, gyaɗa ba ta yi ba, rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Namu awakin duk sun tafi wurin awo. Wata rana na dawo daga lakwal jiri ya kwashe ni a bakin ƙofa, don tun kunun jiya ban sa komai a ciki ba. Kaka ta ɗaga ni ta shigar da ni ɗaki. Ranar kasuwa ta shiga garke ta tsaya tana kallon masu zare. Ta wuce ƙananan, ta kwance uwar, tsohuwar jar akuyar nan ta farko, wai ita ta riga ta gama yi wa mai ita aiki. Ta dawo da hatsi a kai, ta sauke, ko ruwa ba ta sha ba ta ce in ɗauko bik ɗina na rubutu da takarda.

"Rubuta. Ki ce na ci amana. Ki ce akuyar da ta ba ni kiwo na sayar ban tambaye ta ba. Ki ce yunwa ce, amma kada ki faɗe shi kamar ina kare kaina. Ki ce ta yafe mini."

Na ce, "Kaka, wallahi kyauta ce."

"Na ce ki rubuta ko na ce ki yi mini wa'azi?"

Na rubuta yadda ta faɗa, na kai biro.

Bayan wata biyu takarda ta zo, shafi biyu. A hanya na buɗe, ban jira gida ba. Takardar ban kwana ce. Baturiya ta ce ƙungiya ta sanar da ita na kai shekarun da ake sallamar yaro, don haka wannan ce takardarta ta ƙarshe. Ta ce tana alfahari da ni, in dage da karatu, in gaida mata Kaka da kyau. Ta ce an ba ta wata yarinya a wata ƙasa, 'yar shekara shida, mai wushirya. Ba maganar akuya ko ɗaya. Wataƙila takardunmu sun yi saɓani a hanya, wataƙila tamu ba ta taɓa isa ba.

Na zauna a gindin wata bishiyar bedi na yi kuka. Gaskiya ba don Kaka na fara kukan ba, kishi ne ya kama ni. Shekara goma ana ce mini ina da uwa a bayan teku, har na yarda, ashe aiki ne mai ranar tashi, an ma riga an cike gurbina da mai wushirya. Da na isa gida Kaka ta ajiye ludayi ta gyara zama.

Na ce, "Tana gaishe ki da kyau. Ta ce in dage da karatu. Ta ce za ta sake rubutowa."

"Akuyar fa?"

"Ba ta ce komai ba."

Kaka ta dube ni, ta dubi takardar da ke hannuna. Ba ta tafa hannu ba, ba ta ce madalla ba. Ta ce, "Shiru ta yi ke nan." Ta karɓi takardar ta soke a bayan kwanoni wurin hoton. Ƙarya ɗaya na yi mata, gaskiya ɗaya na faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi yi mata ciwo.

Na ce a raina bayan jarrabawa zan gaya mata. Bayan jarrabawa na tafi Damagaram makarantar horon malamai, na ce in na dawo hutu. Duk dawowa, kafin in ajiye jaka sai ta ce, "Takwara, ba takarda?" In ce babu, Kaka. Ta ce, "To." Ƙungiyar ta tattara ta bar garin, inda biron yake aka buɗe shagon ɗinki. Da aurena ya tashi ta ware goron uwar riƙona a ƙullin ganye, ya bushe a ɗakinta. Na haihu, ta ce da an san hanya da an gaya mata ta yi jika. Kullum abin yana ƙara yi mini wuyar faɗa, don yanzu ba takardar kawai zan bayyana ba, har da shekarun da na yi shiru. Awakin masu zare na ga suna raguwa a garke, na ɗauka ƙarfinta ne ya ƙare ta kai su wurin makiyaya, ban tambaya ba. Duk abin da ya shafi zaren nan gudunsa nake.

Kwana biyu kafin ta rasu na zo duba ta bayan la'asar. Ta rame, amma hankalinta garau. Ta kama hannuna ta ce, "Takwara, in kin samu hanya, ki nemar mini gafarar mai akuyar nan. Ba na so in tafi da ita." Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe. Sai Gwaggo ta shigo da kunu, na karɓa na shiga fifita shi. Na ce a raina ranar Alhamis zan dawo, mu biyu kawai. Ranar Litinin ta tafi.

Da safen ranar bakwai maƙwabcinmu ya aiko in zo. Tsohon malamin lakwal ne da ya yi ritaya, shi ya koya mini baƙi, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci. Na same shi a ƙofar gida kan kujerar roba. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce akwai abin da aka ba shi ajiya, mai ajiyar kuma ta tafi.

"Takardar nan ta ƙarshe, 'yata. Washegarin ranar da ta zo, kakarki ta kawo mini ita ƙulle a bakin zani."

Na ce, "Ta kawo maka?"

"Ta ce, Mushe, jikata ta karanta mini, amma takarda shafi biyu, magana ba ta fi loma uku ba. Na karanta mata duka. Ta ce in maimaita, na maimaita."

"Me ta ce?"

"Ta tambayi ƙasar da yarinyar take. Ta tambaya ko ita ma an ba ta akuya. Sannan ta ce kada in kuskura in gaya miki ta sani. Ta ce ke aka bari, ba ita ba, in ta nuna ta sani dole ki yi kuka a gabanta, ga jarrabawa a gaba."

Na ce, "To jarrabawa ai ta wuce, Mushe. Shekara goma sha biyu tana tambayata ba takarda. Tunda ta sani, me take tambaya?"

Ya juya tafin hannu. "Na tambaye ta sau ɗaya. Ta ce in sha kununa."

"To gafarar fa? Ba ka gaya mata takardun saɓani suka yi ba?"

"Na gaya mata. Na ce kyauta ce tun farko, Turawa ba su san kiwo ba. Ta ce ni ma karatu ya cika mini kai."

Shi ya gaya mini yadda aka yi da awakin. Bayan takardar nan Kaka ta fara bin 'yan ƙauye masu kawo mata gyaɗa, tana tambayar wa ke da 'ya a lakwal da ake shirin cirewa. In ta samu sai ta ba uwar akuya ɗaya kiwo, da sharaɗin yarinya ta ci gaba da zuwa. Takan ce musu mai akuyar Baturiya ce mai son karatu, in ta zo za ta tambaya. Ta san sarai ba za ta zo ba.

Na taso daga wurin Mushe ina ta lissafi. Shekara goma sha biyu ina ganin ni nake rufa mata, ashe ita take rufa mini. Ko kuwa duk ranar da ta ce ba takarda, ƙofa take buɗe mini in faɗi gaskiya, ni kuma in rufe? Ko zolayata take, irin ta kaka da jika, tana kallon idona tana dariya a ciki? Na san Kaka, duka ukun za ta iya. Na ji haushinta, na ji kunyarta, na rasa wanne zan riƙe.

Bayan azahar Malam ya zo, aka yi addu'a. Matan nan uku sun dawo da awakinsu, har da wata ta huɗu daga Dungu da labari ya iske a makare. Baffa ya kwashe bayani ya faɗa, ya ce shi dai a gaya masa, awakin nan gado ne ko kuwa jirgi za a sa su. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo wurina.

"Ranar da aka kawo akuyar farko, wa aka ce an ba?"

Na ce, "Ni, Malam."

"Kin karɓa?"

"A hannuna aka sa igiyar."

"To kyauta ta tabbata tun ranar. Akuyar taki ce, 'ya'yanta naki ne. Ba na marigayiya ba ne, ba su shiga gado. Ba na Baturiya ba ne, ta riga ta bayar."

Baffa ya ce, "Wato bunsurun da aka hana ni ranar suna na yarinyar nan ne? Tana tsaye a wurin tana tsotsar rake!" Har matan da suka kawo awakin sai da suka dara.

Gwaggo ce ba ta yi dariya ba. Ashe ranar da ta shigo da kunu ta ji maganar. Ta ce, "Malam, to gafarar da Inna ta ce a nemo mata fa? Ta sayar da akuyar ba ta tambaya ba, abin ya tsaya mata a rai har ta cika. Ina za mu ga Baturiya?"

Malam ya ce, "Wurin mai akuya ake nema. Ga ta nan zaune."

Duk suka juyo suna kallona. Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba, ko sau ɗaya. Akuyata ta sayar ta ciyar da ni, ta yi shekara goma sha biyu tana neman gafara, mai gafarar tana zaune a gefenta tana fifita kunu. Sai maganarta ta ƙarshe ta dawo mini. Ba ta ce uwar riƙonki ba ranar, mai akuyar nan ta ce, hannuna kuma a cikin nata. Ko ta sani? Ko bakinta ne kawai ya faɗa haka? Ba ni da wanda zan tambaya.

Malam ya ce, "Ki faɗa da bakinki, a ji."

Na ce, "Na yafe." Muryar ba ta fita ba, sai da na sake. "Na yafe mata, duniya da lahira." A nan kukan da ban yi ba kwana bakwai ya zo.

Matan na ce su koma da awakinsu yadda Kaka ta bar musu, yara su ci gaba da zuwa lakwal. Ta Yauri ta tambaya ko su tsinke zaren tunda an san mai su. Na ce su bar shi.

Da mutane suka ragu na shiga ɗakin Kaka. Takardar tana nan a bayan kwanoni tare da hoton, ta yi laushi don yawan buɗewa, da tabon man gyaɗa a gefenta, ita da ba ta iya karatu ba. Na zauna a bakin gadonta na karanta ta a fili, shafi biyun duka, har da yarinya mai wushirya. Da Hausa na karanta, ba da hanci ba. Da na gama na ce, "Kaka, abin da ta ce ke nan. Ni ma ki yafe mini."

Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka makwancinta, ya sa ta iske ba ta ɗauke da nauyin kowa. Ni na faɗi nawa a gaban mutane, kowa ya ji. Na daɗe zaune a ɗakin da takardar a cinyata, ina jiran a tafa hannu sau ɗaya.